Ka Tsare Ƙofar Zuciyarka

 Ina so mu yi magana a kan wani abu wanda ido ba ya gani, amma shi ke jan akalar mutum dare da rana, watau tunanin da ke cikin zuciya.

Ga misali. Mutum biyu suna komowa daga gona bayan faɗuwar rana, sai suka ga wani abu baƙi a miƙe bisa hanya. Na fari ya ce a ransa, maciji ne. Nan da nan gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, ƙafafunsa suka yi sanyi. Na biyu ya ce a ransa, igiya ce wani ya yar, ya tsallake ya wuce abinsa. Abin da suka gani ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne maganar da kowa ya faɗa wa kansa. Mutanenmu su kan ce, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsumma ba ya sara, amma tsoron da ya kawo na gaske ne, gama jiki ba ya tsayawa ya bincika ko tunanin gaskiya ne kafin ya amsa.

Abin da likitoci suka gano

Allah da ya yi mu ya ɗaure jiki da zuciya da igiya ɗaya. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta ce akwai hatsari, sai waɗannan tsokoki su zuba wani ruwa cikin jini, wanda likitoci ke kira adirenalin. Shi ke sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya ɗaga, baki ya bushe. Wani likita na ƙasar Amurka, Walter Cannon, ya lura cikin bincikensa cewa idan kyanwa ta tsorata ko ta fusata, cikinta ya kan daina motsin niƙa abinci. Ya bayyana waɗannan al'amura cikin littafin da ya buga a shekara ta 1915.

Wannan shiri alheri ne daga Mahalicci, domin mutum ya sami ƙarfin tserewa in kura ta taso masa. Amma an yi shi domin ɗan lokaci ne. Mutumin da ke kwana da tsoro, ya tashi da fushi, wata da watanni, ya zama kamar dokin da a ke sukuwa da shi kullum ba a sauke masa sirdi. Barcinsa ya kan lalace, abinci ya fita ransa, kansa ya riƙa ciwo, in kuwa yana da hawan jini, ya kan ƙaru. Littafin Misalai, wanda a ke kira Karin Magana kuma, ya riga ya koya mana wannan tun da daɗewa. A sura 17 aya 22 ya kwatanta farin cikin zuciya da magani, a sura 14 aya 30 ya kwatanta hassada da ciwon da ke cin ƙashi, a sura 4 aya 23 kuwa ya umurce mu mu tsare zuciya fiye da kome, domin daga cikinta rai ke ɓuɓɓugowa.

Labarin Annabi Iliya

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 18 da 19. A kan Dutsen Karmel Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, Allah kuwa ya amsa masa da wuta. Bayan wannan ya yi gudu a gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Sai Yezebel matar sarki ta aiko masa da saƙo, ta rantse za ta kashe shi kafin gobe war haka. Mutumin da bai ji tsoron taron jama'a ba, sai ga shi saƙon mutum ɗaya ya kore shi. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Me ya karya shi? Gajiya ta same shi, yunwa ta kama shi, ya kuma rabu da abokin tafiya. A cikin wannan hali wani tunani ya shige shi ya yi kaka-gida, cewa shi kaɗai ya rage cikin masu bin Ubangiji. Wannan tunani kuwa ba gaskiya ba ne. Kwanaki kaɗan kafin wannan, Obadiya wakilin gidan sarki ya faɗa masa da bakinsa cewa ya ɓoye annabawa 100 cikin kogo, hamsin hamsin, yana ciyad da su. Iliya ya ji wannan da kunnensa, amma baƙin ciki ya mantad da shi.

Ka duba yadda Allah ya bi da bawansa. Bai tsauta masa ba. Da fari ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, har sau biyu. Da jikinsa ya sami ƙarfi, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa duka. Sa'an nan ya gyara masa lissafi, ya sanad da shi akwai mutum 7,000 cikin Isra'ila waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya kuma ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiyarsa. Yezebel tana nan da ranta, barazanarta ba ta janye ba, amma Iliya ya tashi ya koma bakin aikinsa.

Abin da za ka yi

Na sani, ya ɗan'uwana, waɗansunku tun da suka bi Almasihu danginsu suka juya musu baya. Wani ya kwance layunsa ya zubar, yanzu in kansa ya sara da dare sai ya ce sammu aka yi masa. Wani in an wuce shi ba a gaishe shi ba, sai ya kwana yana saƙa da mugun zare. Ga abu huɗu da na ke roƙonka ka riƙe.

Na fari, ka tuhumi tunaninka kamar yadda alƙali ke tuhumar mai ƙara. Ka tambaye shi, ina shaidarka? Na gani da idona, ko zato na ke yi? Mai yiwuwa wanda bai gaishe ka ba, ɗansa ne ke kwance ba lafiya. Wajen shekara ta 1960 da 'yan kai, wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ya kafa hanyar jiyya bisa irin wannan tambaya, ana kuwa aiki da ita a asibitoci da yawa na duniya har yau.

Na biyu, ka kai damuwarka gaban Allah da sunanta, ka haɗa da godiya. Bayan haka ka cika zuciyarka da abin da ke na gaskiya, mai tsabta, mai kyau. Haka Manzo Bulus ya koya wa Filibiyawa a sura 4, yana kuwa cikin kurkuku sa'ad da ya rubuta. Gonar da aka nome ba a shuka kome ba, ciyawa ce za ta komo.

Na uku, kada ka kwana da fushi. Afisawa sura 4 ta gargaɗe mu mu kashe shi kafin rana ta faɗi. Wanda ya yi maka laifi yana can yana minshari, kai kuwa kana juyi bisa tabarma. In ka gafarta masa, kai ne za ka fara shan daɗinta.

Na huɗu, kada ka bar baranka a Biyer-sheba. Ka ci abinci, ka yi barci a kan lokaci, ka zo taron masu bi, ka sami wani dattijo mai riƙon amana ka buɗe masa cikinka.

Gargaɗi

Kada ka ɗauka cewa kowane ciwo daga tunani ya ke fitowa, ko kuwa rashin lafiya alama ce ta ƙarancin bangaskiya. Sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Shekaru da yawa mutane suna tsammani damuwa ce tushen gyambon ciki, sai a shekara ta 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta wadda ke haddasa yawancinsa, ana kuwa kashe ta da magani. Cikin Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, ya nuna musu ba laifin mutumin ba ne, ba kuwa na iyayensa ba. Luka ma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne.

Saboda haka in baƙin ciki ya danne ka har mako biyu ko fiye, ba barci, ba sha'awar abinci ko aiki, ka tafi asibiti, gama wannan ciwo ne mai magani, ba abin kunya ba ne. In an ba ka maganin hawan jini, kada ka bar shansa. In kuwa tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka bari ya kwana, ka faɗa wa wani yau ɗin nan. In ɗan'uwanka ne ke cikin wannan hali, ka yi masa yadda Allah ya yi wa Iliya: abinci da fari, sa'an nan sauraro, sa'an nan magana.

Tambayoyi

1. Wane tunani ne ya karya zuciyar Iliya, me kuma ya nuna ba gaskiya ba ne?
2. Me Allah ya fara yi masa kafin ya yi masa magana?
3. Wane tunani ne ya fi damunka a wannan mako, wa kuma za ka faɗa wa?

Addu'a

Ya Uba na Sama, kai ka san tunanina tun ban furta ba. Ka nuna mini ƙaryar da na ke faɗa wa kaina, ka dasa gaskiyarka a gurbinta. Ka ba ni barci mai daɗi, da zuciya mai gafara, da 'yan'uwa masu riƙe hannuna. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.