Tarwadar Bakin Teku Ba Ta Ruwan Famfo Ba Ce

A 'yan shekarun nan fatake da ma'aikatan ofis da yawa sun shiga sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi don ƙawata ɗaki. Cikin kifayen da akan kawo daga ƙasashen waje akwai wani ɗan dangin tarwada, jikinsa kamar azurfa, fukafukansa baƙaƙe da fari a baki-baki, ga gashin baki. Masu sayarwa suna kiransa shak na Kolombiya, domin ƙayar bayansa a miƙe take kamar ta kifin shak. Sunansa a littattafan masana Ariopsis seemanni, wani masani a London mai suna Albert Günther ya raɗa masa a 1864. Wanda ya gan shi ɗan ƙarami, bai wuce inci 2 ko 3 ba, yana iyo cikin ruwan daɗi a kanti, sai ya ɗauka haka zai zauna har abada. To, a nan ne kuɗi kan salwanta.

Asalinsa gaɓar tekun Fasifik ne, tun daga Meksiko har Peru, a bakunan koguna inda ruwan daɗi ke gamuwa da na teku. Namijin shi ne kan ɗauki ƙwai cikin bakinsa, ba ya cin abinci sai sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan jure wa ruwan kogi. Amma kadan sun fara girma sai su gangara wajen ruwa mai gishiri-gishiri, manyan har teku suke shiga.

Dalilin da ya sa gishiri ya zama tilas a gare shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Kowa ya san yadda gishiri kan tsotso ruwa daga jikin nama. Jinin kifi ya fi ruwan kogi gishiri, saboda haka kullum ruwa na kutsawa cikin jikinsa, gishirin jikin kuwa yana zurarewa. Tarwadarmu da ƙarfasa Allah ya halicce su da jikin da ke fid da wannan ruwa ya riƙe gishiri, ba su san wahalar ba. Shi wannan baƙo zai iya, amma da ƙyar, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. Zai yi watanni lafiya lau. Daga nan sai launinsa ya dushe, ya rage cin abinci, gyambo ya fara fito masa, ga shi kuwa ba ɓawo a fatarsa balle ya kare shi. Mai shi ya yi ta sayen magani, alhali ciwon cikin ruwan yake.

Wanda ya nace sai ya ajiye shi, ya fara da lissafi. Kifin yakan kai ƙafa ɗaya, ba ya zama wuri guda, ba ya kuma son kaɗaici, sai uku ko fi. Watau ana bukatar akwati mai cin lita 400, kimanin duro biyu ke nan. Ruwan teku yana da gishiri giram 35 a kowace lita. In an ba shi ko giram 10 a lita, kilo 4 ke nan tun farko, in kuma ana sauya rubu'in ruwan kowane mako, kilo ɗaya zai riƙa tafiya duk sati. Ba kuwa gishirin miya ake nufi ba, ba manda ba, balle kanwa. Gishiri ne na musamman da ake haɗawa don kifin teku, kuma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba. In rana ta ƙone ruwan ya ragu, da ruwan daɗi zalla za a cika, gama gishiri ba ya tashi tare da tururi.

Har wa yau yana son ruwa mai gudu da ɗumi, don haka ɗaukewar lantarki da sanyin hunturu duk abokan gabansa ne. Yawancin tsirran ruwan daɗi ba su jure gishirin, ƙananan kifaye kuwa abincinsa ne. Ƙayoyinsa suna da dafi. Wanda ta soka ya tsoma wurin cikin ruwa mai zafi daidai yadda zai iya jurewa, kāna ya nufi asibiti.

Saboda haka ga mai akwatin ruwan daɗi, amsa ita ce a'a. Abin mamaki, abin da ake nema a nesa yana nan a gida. Kurungu, wanda masunta ke kamawa a Kwara da Binuwai da tafkin Chadi, yana cikin kifayen da ake sha'awar ajiyewa a Turai. Ruwan daɗi ne gidansa, wani irinsa ma a rigingine yake iyo. A sa masa fasasshiyar tukunya ya riƙa ɓuya da rana, shi ke nan.

Wanda kuwa ya riga ya sayi baƙon, ko ya mayar wa mai kanti, ko ya ware masa akwati dabam ya riƙa ƙara gishiri kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba a yini ɗaya ba. Kada a kai shi rafi ko dam a sake shi da sunan tausayi.