Darasin Ƙugiya: Abin da Na Gani a Aji Uku

Gabatarwa

Ni ɗan ƙabilar Birom ne, a kasuwar Taminus na tsinci Hausa kafin in karance ta a jami'a. Saboda burina na zama malami, na je kallon darasi a aji uku na wata firamare da ke Gangare, cikin Jos.

Abin da Ya Faru

Malamar ta rubuta jimloli biyu a allo: "Sarki ya shiga fada" da "Sarki ya shiga faɗa." Ta ce in karanta. Na furta su iri ɗaya. Wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, to ina faɗan?" Aji ya kwashe da dariya.

Malamar ba ta kunyata ni ba. Ta sa muka yi ta maimaita kalmomi bibbiyu: kafa da ƙafa, bari da ɓari, dawo da ɗauko. A jami'a na haddace cewa /ɗ/ da /ɓ/ haɗiyau ne, /ƙ/ kuwa tunkuɗau, amma harshena bai bi ba.

Kammalawa

Hausarmu ta Jos takan zubar da ƙugiya. 'Yan'uwa ɗalibai, mu gyara furucinmu kafin mu riƙe alli, domin abin da malami ya furta shi yara za su rubuta.