Kara, Laka da Zoɓo: Kayan Aikin Ajin Ƙananan Yara

Duk ranar Alhamis, in kasuwar Maigatari ta watse, abin da ake bari a ƙasa ya isa ya wadata azuzuwan ƙananan yara na makarantu da dama: kwalayen taliya da na sabulu, murafen kwalabe, guntayen igiya, ƙyallayen da teloli suka zubar. Ni malama ce a ajin share fagen shiga firamare a ƙasar Gumel, kuma kukan da na fi ji a bakin abokan aiki shi ne ba a kawo kayan aiki ba. Gaskiya ne, sau da yawa ba a kawowa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, amma doka ba ta sauke kwalin fenti a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar. To, shi ke nan sai yara su wuni a kan tabarma suna rera A, B, C har a kaɗa ƙararrawa?

Ɗan shekara 4 yatsunsa ba su gama ƙwari ba. Murzawa da tsinkawa da zargewa da liƙawa su ne ke shirya hannu kafin ya iya juya fensir. Idan na ga yaro ya damƙe fensir yana dannawa har takarda ta yage, ba na ƙara masa rubutu. Laka nake ba shi.

Da kaka, kara ba ya tsada. Babba ya samo sillen dawa, ya ɓare bayansa siri-siri, ya yayyanka totuwar gutsi-gutsi, sannan ya miƙa wa yaro. Shi kuma ya riƙa soka ɓawon a jikin totuwar, sai ga tabarau, ga gado, ga mota har da tayoyinta. Babba ne zai yi ɓarewar, don gefen ɓawon yana yanka yatsa. Iyayenmu duk sun yi motar kara, ba wanda ya kira ta darasi, alhali a wurin haɗa ta yaro ke gane tsawo da gajarta, ya ƙirga tayoyi, ya gano dalilin da ya sa motarsa ta karkace.

Abin liƙi kuwa, ƙaron da almajirai ke sa wa tawada ya wadatar: a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana. In babu, a dama garin rogo ya yi kauri. Sai a zana baƙi babba a jikin kwali, na boko ko na ajami, yaro ya bi layin da ƙaro, ya barbaɗa yashi, ya kakkaɓe. In ya bushe, ya rufe ido ya shafa da yatsa ya faɗi sunan baƙin. Ba na yarda a liƙa gero ko wake. Abinci ba abin wasa ba ne, kuma ba duk gida ake samun na ci ba.

Launin da na fi so shi ne zoɓo. Wanda ake tarawa a Maigatari har Meksiko ake kai shi, mu kuwa cikin tafin hannu ɗaya ya ishi aji guda. A tafasa shi da ruwa kaɗan ya yi ja wur. A ɗiga masa ruwan kanwa a gaban yara, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore. A matsa lemon tsami, jan ya dawo. Za ka ji aji ya ɗauki "Malama, a sake!" Gawayi ya ba da baƙi, kurkur rawaya, asawakin da aka daddaka bakinsa ya zama abin shafawa.

Wasu iyaye sukan nuna damuwa in yaro ya koma gida da saniyar laka, kuma ba na raina damuwarsu. Malaman addini da yawa sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ga rumbu, ga tukunya, ga amalanke, ga turmi da taɓarya. Hannun dai zai samu aikinsa.

Roƙona ga iyaye mata: in yaro ya kawo abin da ya ƙera, kada ki gyara masa, kada ki share shi da shara. Tambaye shi, "Mene ne wannan ka yi mana?" ki saurari amsar.

Akwai abin da ba na sassauci a kansa. Robar maganin feshi ko ta maganin ƙwarin wake ba ta shiga hannun yaro, ko an wanke ta sau nawa. Haka ma reza, da ƙaramin batirin agogo, da gwangwani mai kaifin baki. Wanda bai kai shekara 3 ba, a nisanta shi da murfin kwalba da tsakuwa, don baki da hanci yake kai su. Laka kuma babba ne zai ɗebo. Kada a aiki yaro bakin kududdufi da damina, ko da tare da yayyensa ne.