Darasin Mako: Haruffan Larabci da Suke Kayar da Bahaushe

A wannan mako 'yan aji biyu ne muke riƙe da shafin darasi, kuma abin da muka kawo ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a ajinmu.

Ranar wata Litinin malaminmu na darasin addini ya shigo, bai ko buɗe littafi ba. Ya ce kowa ya miƙe ya karanta Fatiha, ɗaya bayan ɗaya. Muka yi ta murmushi, don a ganinmu ko ƙannenmu 'yan firamare sun iya Fatiha. Da aka gama, sai Malam ya ce waɗanda suka karanta ba gyara ba su cika yatsun hannu biyu ba. Aji ya yi tsit. Sura ce fa da muke karantawa sau 17 kullum a sallolin farilla, kuma a cikinmu akwai masu jan sallar azahar a masallacin makaranta idan babu babba a kusa.

Malam bai yi faɗa ba. Alli ya ɗauka ya rubuta kalmomi huɗu a allo: alwala, alƙali, farilla, larura. Ya tambaye mu me ya haɗa su. Babu wanda ya sani. Ashe dukkansu daga Larabci muka aro su, kuma a kowacce akwai harafin dad (ض). Da kakanninmu suka ji wannan harafi, babu irinsa a Hausa, sai suka mayar da shi "l". Shi ya sa a makarantar allo sunansa ma lodi. Shi ya sa kuma ake kiran wanda aka haifa a watan azumi Ramalan. Idan muna hira da Hausa, alwala ita ce daidai, ba wanda zai ce mu canja. Matsalar tana zuwa ne idan muka ɗauki wannan harshe namu muka shiga da shi cikin karatun Alƙur'ani. Kalmar ƙarshe ta Fatiha tana da dad, kuma a nan ne yawancinmu muka faɗi. Wasu suka ce "l", wasu "d", wasu "z". Malam ya ce dad daga gefen harshe yake fita, gefen ya jingina da haƙoran tauna na sama, sautin ya cika baki. Gaskiya har yau da muke rubuta wannan darasi ba mu gama kama shi ba.

Daga nan muka gane cewa haruffan Larabci 28 ba duka ne suke da wuya ba. Ba, ta, jim, dal, sin, shin, lam, mim, nun, wau da ya duk muna da irinsu a Hausa. Masu kayar da mu su ne waɗanda kunnenmu yake ji kamar abu ɗaya alhali biyu ne ko uku.

Mu ɗauki maƙogwaro. Haruffa shida ne suke fita daga cikinsa, biyu-biyu. Can ƙasa akwai hamza da ha (ه), wadda 'yan allo suke kira ha kuri. A tsakiya akwai ain (ع) da ha ƙarami (ح). A sama, kusa da tushen harshe, akwai gain (غ) da kha (خ), wato ha mai ruwa. To mu a Hausa "h" ɗaya gare mu, sai muka tattara uku a kanta. Ku duba Alhamis, lahira da alheri: duk kha ce a asalinsu. Magariba kuwa gain ce muka mayar "g". Ain ma haka, mun sauƙaƙa ta a ilimi da addu'a. Wani zai ce to mene ne a ciki, ai Allah ya san nufinmu. Malam ya ba mu misali. Kalmar "alim" idan ta fara da ain tana nufin masani. Idan ta fara da hamza tana nufin mai raɗaɗi. Ta farkon tana cikin sunayen Allah, ta biyun kuwa da ita ake siffanta azaba.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne ƙaf (ق). Da can mun ɗauka mun ci riba, tunda muna da "ƙ" kamar a ƙasa da ƙofa. Ashe ba ɗaya ba ne. Namu "ƙ" toshe maƙogwaro muke yi sautin ya fashe. Na Larabci kuwa daga can ƙarshen harshe yake fita, inda ya haɗu da tattausan ɓangaren ganda, ba tare da wannan fashewa ba. Kaf (ك) tana gaba da shi kaɗan. Wanda ya haɗa su zai mayar da zuciya ta zama kare, don "ƙalb" zuciya ce, "kalb" kare ne. Haka "ƙul" ka ce, "kul" ka ci. Surori uku na ƙarshen Alƙur'ani, waɗanda su muke yawan ja a salla, duk da wannan kalma suka fara. Irin wannan yaudara tana cikin ɗa mai hannu (ط): muna cewa ɗalibi da ɗahara, amma a karatu harafin "t" ne mai kauri, ba "ɗ" irin ta ɗaki ba.

Akwai kuma uku da sai an ɗan fito da kan harshe ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama: ث da ذ da ظ. Mu kan mayar da su "s" da "z", kamar a hadisi, misali, zikiri da azahar. Ranar da aka koya mana su dariya ta hana wasu yi, wai kunyar fito da harshe a gaban mutane. Fa (ف) ma tana da nata. Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin ta, shi ya sa wani lokaci take fita kamar "h". A Larabci sai haƙoran sama sun sauka a kan leɓen ƙasa.

Amma ba kullum ne Hausa take cutar mu ba. A wajen ja da ƙarfafa harafi mun fi wasu sa'a. Kunnenmu ya riga ya san bambancin gari da ake zama a cikinsa da garin tuwo, ko da yake boko ba ya nuna jan. Wannan shi ne madda. Ya kuma san bambancin baba da babba, daba da dabba, wato shadda ke nan. Abin da ya rage mana shi ne awo: madda ta asali haraka biyu ce, wadda take kalmar ƙarshe ta Fatiha kuma shida.

Ga wanda bai fara ba sam, hanyar ba ta canja ba. A allo ana farawa da babbaƙu, wato sanin haruffa ba wasali, irin "alu, ambaki, wau, zal" da muke ji ana rerawa. Sai farfaru, inda ake sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. A Islamiyya kuma ana bin Ƙa'idar Bagadaza ko Nuraniyya, ana cewa fataha, kisira, damma da sukun. Abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta. A wannan mataki ɗigo ne abin lura, don ba, ta, nun da ya a tsakiyar kalma jikinsu ɗaya, ɗigo kawai ya raba su. Haruffa shida kuma ba sa riƙe na gabansu: alif, dal, zal, ra, zai da wau.

Ga wani tarko da ya kama abokanmu 'yan allo. Alƙur'anin da suka saba da shi na ruwayar Warshu ne da rubutun Magaribi, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Madina na ruwayar Hafsu, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. Sai ka ga yaro mai izu goma a ka yana karanta fa a matsayin ƙaf, ana yi masa dariya, alhali ya fi masu dariyar karatu. Duka ruwayoyin ingantattu ne.

Wannan dariya ita ce abin da ya fi damun mu. Mun san akwai 'yan ajinmu da ba su samu zuwa allo ko Islamiyya da wuri ba. Da boko suke rubuta surori a bayan littafi su haddace, kuma sun gwammace su ɓoye da a ce yaro ɗan shekara goma sha uku bai san alu ba. Boko kuwa ba zai iya raba ha uku ba, duk "h" zai rubuta maka. Malam ya tuna mana cewa ya zo a hadisi, wanda yake karatu yana tuntuɓe saboda wahalar da yake sha yana da lada biyu. Muna roƙon manyan 'yan aji su daina kwaikwayon mai kuskure a bakin masallaci.

Yanzu ga yadda muke yi. Don gano mafitar harafi, sai mu sa masa ɗauri, mu kawo hamza a gabansa, mu ce "aƙ", "ak", "ah". Inda sautin ya tsaya, nan ce mafitarsa. Malaman tajwidi irin su Ibnul Jazari sun ƙidaya mafita 17 a wurare biyar: kogon baki, maƙogwaro, harshe, leɓɓa da hanci. Muna zama biyu-biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana kallon bakinsa. Wasu 'yan matan ajinmu har ƙaramin madubi suke zuwa da shi. Masu samun aron waya a gida suna sauraron Shehu Mahmud Khalil Al-Husari, makarancin ƙasar Masar, saboda a hankali yake karatu, kana jin kowane harafi. Amma Malam ya ja kunnenmu cewa waya ba ta jin kuskurenka. Dole ka zauna gaban wanda ya iya, ka karanta ya gyara.

Malam ya yarda zai riƙa zama da mu a ajin da yake kusa da ɗakin karatu duk Talata da Alhamis lokacin tara. Ba a tambayar kowa inda ya tsaya. Wannan Alhamis ɗin ain da ha ƙarami za a yi, kowa ya zo da ruwan sha don maƙogwaro yana bushewa.