Haƙar Bayanai da Manhajar Orange: Yadda Ake Saka Kayan Ƙari da Amfani da Su Wajen Nazarin Hausa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya zo shekarar ƙarshe yakan tara rubutun Hausa da yawa domin kundinsa, kamar labaran jaridu da tatsuniyoyi da hirarrakin da ya ɗauka ya mayar a rubuce. Daga nan sai ya zauna da biro yana ƙirga sau nawa wata kalma ta fito, har ido ya gaji, ƙirgen kuma ya ruɗe. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata manhajar kwamfuta mai suna Orange wadda take sauƙaƙa wannan aiki. Za a duba yadda ake saka mata kayan ƙari, musamman wanda ya shafi rubutu, da kuma gyare-gyaren da tilas a yi kafin ta karanta Hausa daidai. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin saka kayan ƙarin aikin 'yan mintoci ne, amma an tsara shi ne da Turanci a rai.

Mece ce Orange?

Haƙar bayanai ita ce a tona cikin tarin bayanai masu yawa domin a gano tsari ko dangantaka da ido ba zai gani da sauri ba. Orange manhaja ce ta kyauta da ake wannan aiki da ita. An fara gina ta a ƙarshen shekarun 1990 a Jami'ar Lubliyana da ke ƙasar Sulobeniya, a hannun malamai irin su Janez Demšar da Blaž Zupan, kuma zubinta na uku, wanda ake amfani da shi yanzu, ya fito a 2015. Da harshen kwamfuta na Python aka rubuta ta, amma mai amfani da ita ba sai ya iya Python ba.

In an buɗe ta za a ga wani farin allo a dama, a hagu kuma jerin 'yan akwatuna. Kowane akwati aiki ɗaya yake yi. Wani ɗauko bayanai yake yi, wani ya tace su, wani kuma ya zana su. Sai mutum ya jawo akwati zuwa kan allo, ya ja layi daga gefensa na dama zuwa gefen hagu na wani akwatin. Bayanai suna bin wannan layi kamar yadda ruwa yake bin kwata. In aka sauya wani abu a akwatin farko, duk na gabansa za su sauya.

To amma Orange ɗin da aka sauko da ita da farko, teburan alƙaluma ta fi sani. Ba ta zuwa da akwatunan nazarin rubutu. Waɗannan suna cikin kayan ƙari, wato wasu ƙunshin akwatuna da ake saukowa da su daban. Akwai Image Analytics na hotuna, da Geo na taswira, da Network na dangantaka tsakanin abubuwa, da Timeseries na bayanan da suke bin lokaci. Namu, mu ɗaliban harshe, shi ne Text.

Yadda ake saka kayan ƙari

Da farko a tabbatar akwai intanet mai ƙarfi, kuma batirin kwamfuta yana da caji. Text yana jawo wasu ƙananan manhajoji da yawa tare da shi, saboda haka yana cin data kuma yana ɗaukar lokaci. Ni karo na farko wuta ta ɗauke mini ana tsakiyar aiki, batirin kuwa dama ya mutu, sai da na sake tun daga farko.

A saman allo a latsa Options, sannan a zaɓi Add-ons. Wata taga za ta buɗe da jerin sunaye, kowanne da ɗan gurbi a gefensa. A sa alama a gurbin Text, a latsa OK, a jira. In ta gama za ta nemi a rufe ta a sake buɗewa. Kada a tsallake wannan, domin sabbin akwatunan ba za su bayyana ba sai an sake buɗe ta. Bayan haka za a ga sabon rukuni a hagu mai suna Text Mining.

A wannan taga ɗin dai ake sabunta kayan ƙari ko a cire su. Akwai kuma maɓallin Add more domin kayan da ba su cikin jerin, inda ake rubuta sunansu da hannu. Idan kwamfutar ta ɗakin karatu ce ko ta ofis, mai yiwuwa ta ƙi yarda sai da izinin mai kula da ita, to sai a neme shi. Shawarata ita ce kada a sa alama a kan komai da komai don kwaɗayi. Abin da za a yi aiki da shi kawai za a ɗauka, domin kowane ƙari nauyi ne a kan kwamfuta, kuma in matsala ta taso da wuya a gane wanne ya jawo ta.

Shigar da rubutu

Akwatuna biyu ne suke shigar da rubutu. Corpus yana karɓar tebur, irin na Excel, inda kowane layi yake ɗauke da rubutu guda. Import Documents kuwa jaka sukutum yake ɗauka, ya karanta takardun da ke ciki, na Word ne ko PDF ko rubutu zalla. Wani abin sha'awa shi ne, in an raba takardun cikin ƙananan jakunkuna, misali ɗaya ta labaran jarida ɗaya ta tatsuniyoyi, zai ɗauki sunan kowace jaka a matsayin rukuni. Wannan yana da amfani ga mai son kwatanta salo biyu.

Kafin a ci gaba, a haɗa akwatin Corpus Viewer a karanta abin da ya shiga da ido. A nan ne matsala ta farko take bayyana, wato ta baƙaƙe masu ƙugiya. Idan an adana takarda da tsarin UTF-8, ɓ da ɗ da ƙ za su fito lafiya. Amma tsofaffin takardu da aka buga da wasu haruffan kwamfuta na da, waɗanda suka ɗora baƙaƙen nan a kan maɓallan wasu alamomi, sukan fito kamar }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya. Irin wannan sai an koma Word an musanya alamomin ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fi wannan wuya ita ce ta rubutun da aka kwaso daga intanet, inda marubuta da yawa ba sa sa ƙugiya sam. Kwamfuta ba ta san cewa kasa ɗin da ke wannan labari ita ce ƙasa ɗin da ke wancan ba. Ba ta kuma san cewa fada ta sarki daban take da faɗa, ko baki daban yake da baƙi ba. Kuma ba za a ce a musanya duka a lokaci guda ba, tun da akwai kasa ta gaskiya, kamar a ce ya kasa zuwa. Babu wata gajeriyar hanya a nan. Ko dai a zaɓi rubutun da ya kiyaye ƙa'idojin rubutu tun farko, ko a zauna a gyara da hannu. Haka nan mai haɗa rubutun Nijeriya da na Nijar ya tuna cewa a can ƴ suke rubutawa inda mu muke rubuta 'y, sai ya mayar da su iri ɗaya.

Akwatin da ya fi buƙatar kulawa

Akwatin Preprocess Text shi ne yake yanka rubutu zuwa kalmomi ya kuma tace su. Duk abin da za a ƙirga daga baya, a kan aikinsa ya dogara. Ranar da na fara gwada shi ban taɓa komai a cikinsa ba, na haɗa shi da Word Cloud, wato akwatin da yake zana kalmomi, wadda ta fi yawan fitowa ta fi girma. Sai ga wata kalma wai jama a tsakiyar hoton. Na duba ƙamus ban same ta da wannan ma'ana ba. Har na fara zargin kaina, tun da ba da Hausa na tashi ba, na ce ko wata kalma ce da ban sani ba. Ashe jama'a ce aka raba gida biyu, jama da a.

Dalili shi ne ƙa'idar yankan da akwatin yake zuwa da ita, wadda aka rubuta \w+, tana ɗaukar haruffa da lambobi kawai a matsayin kalma. Duk inda ta ga alamar alhamza sai ta yanka. A Hausa kuwa alhamza baƙi ne cikakke. Saboda haka sa'a takan koma sa da a, ma'ana ta koma ma da ana, 'ya'ya kuma su koma ya sau biyu. A lura da irin ɓarnar da ke nan: gutsattsarin duk kalmomi ne na gaskiya a Hausa. Wanda yake ƙirga lamirin suna ya zai samu adadi ya kumbura da 'ya'yan mutane, kuma babu abin da zai nuna masa an yi kuskure. Da adadin ya shiga kundi, shi ke nan an gina bayani a kan ƙarya.

Maganin yana da sauƙi. A sashen Tokenization a zaɓi Regexp, a goge abin da ke ciki a rubuta [\w'’-]+ a gurbinsa. Wannan yana gaya wa kwamfuta ta ɗauki alhamza, miƙaƙƙiya ko lanƙwasasshiya, da kuma karan ɗori a matsayin ɓangaren kalma. Ta haka sannu-sannu da kala-kala za su tsaya yadda suke. Ya fi kyau ma a mayar da alhamzar iri ɗaya a duk takardun tun a Word, in ba haka ba jama'a za ta fito a layi biyu. Sai dai a kula da marubutan da suke amfani da wannan alama wajen buɗe zance da rufe shi, domin za ta manne wa kalmar.

A sashen Transformation a bar Lowercase, domin Gida da gida su zama ɗaya. Remove accents kuwa yana cire alamomin karin sauti da na tsawon wasali, saboda haka mai aiki da rubutun da aka yi wa waɗannan alamomi ya nisance shi.

Sashen Normalization shi ne yake mayar da kalma zuwa saiwarta. Porter da ke cikinsa, wanda Martin Porter ya fitar a 1980, na Turanci ne, ɗafa-ƙeyar Turanci yake cirewa. Bai san cewa gidaje jam'in gida ne ba, balle littattafai da littafi. A cire wannan sashe gaba ɗaya. Abin da hakan yake nufi shi ne gida da gidan da gidansu da gidaje kowanne zai fito daban, mai nazari ne zai haɗa su da kansa.

Saura kalmomin da ake tsallakewa. A kowane rubutun Hausa, da da a da ya da ta da na su ne za su cika hoto, su danne kalmomin da suke ɗauke da jigo. A sashen Filtering akwai jerin irin waɗannan kalmomi na harsuna da dama, amma da na duba ban ga na Hausa ba. In kuma aka bar shi a kan Turanci, zai share kalmomin Hausa da suka yi kama da na Turanci a rubuce, kamar a da in da to da me da so. Ka ga mai nazarin soyayya a littattafan zamani zai nemi so ya rasa. Abin yi shi ne a cire Turancin, a buɗe Notepad a rubuta jerin kalmomin da ake son tsallakewa, kowace a layinta, a adana da UTF-8, sannan a ɗora shi a akwatin.

Kalma a cikin muhallinta

Abin da zai shiga wannan jeri ya danganta da tambayar da mutum yake yi. Mai neman jigon labarai zai zubar da dai da fa da kam da ma da kuwa. Ni kuwa su nake nema. Duk wanda ya koyi Hausa da girmansa ya san cewa waɗannan 'yan kalmomi su ne suke tona asirin baƙo. Ana iya haddace nahawu kaf, amma a rasa sanin bambancin ni dai ban sani ba da ni kam ban sani ba da ni fa ban sani ba. Ƙamus yakan ba da ma'ana a layi ɗaya, ma'anar kuwa ba a layi ɗaya take ba.

A nan ne akwatin Concordance ya yi mini rana. Ana rubuta kalma guda, sai ya jero duk wuraren da ta fito, ita a tsakiya, da wasu kalmomi a gabanta da bayanta, adadin da mutum ya zaɓa. Da na jera dai haka, na riƙa karantawa daga sama zuwa ƙasa, sai na fara lura da abokan tafiyarta: sai dai, har yanzu dai, ko dai, da kuma yadda take bin wakilin suna a farkon jimla. Malamanmu sun faɗi wannan a aji, amma ganin misalai a jere cikin rubutun mutane daban-daban ya sa abin ya zauna mini. Daga nan na kwafi jimlolin da suka ɗaure mini kai na kai wa wani abokin karatu Bahaushe, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda yake son ya wuce nan zai iya haɗa Bag of Words, wanda yake mayar da kowane rubutu zuwa layin alƙaluma, sannan Distances da Hierarchical Clustering, ya ga ko kwamfuta za ta ware tatsuniyoyi daga labaran jarida da kanta. Sai dai da takardu biyar ko shida ba a yanke hukunci a kan salon Hausa.

In an gama, a adana allon aikin ta File da Save. Takardar da za ta fito tana ƙarewa da .ows, kuma tsarin akwatunan da saitinsu take riƙewa. Saboda haka in za a kai wa malami mai duba kundi, a haɗa da jakar rubutun da jerin kalmomin da aka tsallake a filashi ɗaya, a kuma tuna cewa sai kwamfutarsa ita ma tana da Text kafin akwatunan su buɗe.