Kusurwar Kimiyya: Wutar Gas a Kan Tudu



Mun koya cewa wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. To, idan ana hawa tudu, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ta iska raguwa yake yi.

A ƙasashe masu sanyi ana ɗumama gida da boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa da gas. Idan aka kafa ta a kan tudu ba a rage mata gas ba, gas ɗin ba zai ƙone duka ba. Sai ta riƙa fitar da kabon monoksaid, guba mai kisa, marar launi marar wari.

Shi ya sa a Amurka, in wuri ya haura ƙafa 2,000, ana rage gas kashi 4 cikin 100 a kan kowace ƙafa 1,000.

Mu lura da murhun gas na gidajenmu. Harshen wuta shuɗi shi ne daidai. In ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, mu kashe, mu buɗe taga, mu sanar da manya.

Tambayar mako: tsayin Jos kimanin ƙafa 4,000 ne. Kashi nawa za a rage?