Rogo: Yadda Ake Raba Abinci da Guba

Rogo tsiro ne mai ɓoye abincinsa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke ci saiwarsa ce da ta kumbura da sitaci. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil, kuma Turawan Fotugal ne suka shigo da shi Afirka a ƙarni na 16. Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi.

Ba ƙwayar iri ake shukawa ba. Manomi kan sare karan rogon da ya ƙosa, ya yayyanka shi tsawon taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ya soka a kunya a karkace, idanun karan suna kallon sama. Yana jure fari da ƙasa mara ƙarfi, kuma cikin wata 9 zuwa 12 akan fara tono. Sai dai da zarar an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara baƙi-baƙi daga ciki.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya natsu. Jikin kowane tsiro an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. A cikin ɗakunan rogo akwai wani sinadari mai suna linamarin. A jikin bangon ɗakin kuma akwai wani, linamares, wanda aikinsa farfasa na farkon. Kamar ashana ce da gefen kwalinta: muddin ba su gogu ba, babu wuta. Idan ƙwaro ya huda saiwar, ko akuya ta tauna ta, bangon ya fashe, sinadaran biyu su gamu, sai guba mai suna sayanid ta fito. Da ita rogo ke kare kansa, tunda ba shi da ƙafar gudu.

To yaya mutane ke cin sa lafiya? Dubi mai yin garin kwaki. Takan fere ɓawon, inda gubar ta fi yawa. Sai ta gurza saiwar, wato ta fasa ɗakunan da gangan domin gubar ta fito tun kafin ta shiga ciki. Ta zuba a buhu, a danne da dutse kwana biyu ko uku, ruwa yana tsiyaya da gubar, garin yana yin tsami. Daga nan sai suya. Sayanid kan zama tururi a zafin da bai wuce digiri 26 a ma'aunin salshiyos ba, saboda haka wutar kasko na korar ragowarta. Matan da suka gano wannan ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba.

Rogo iri biyu ne. Mai zaƙi, irin wanda ake dafawa a ci da garin ƙuli-ƙuli, gubarsa kaɗan ce, fere da dahuwa sosai sun wadatar. Mai ɗaci kuwa dole a jiƙa shi kwanaki ko a gurza. A shekarar fari gubar kan ƙaru, kuma lokacin ne yunwa ke sa a yi gaggawa. Haka cutar konzo, mai shanye ƙafafu, ke ɓulla a wasu ƙauyukan Kwango.

Ruwan da aka matse daga buhun garin kwaki kuma, tunda yana ɗauke da gubar, a zubar da shi inda dabbobi ba za su sha ba.